Tsakuwa mai rai a ƙasan teku: hajar da ke girma milimita 1 a shekara

Babu kasuwar da mutum zai shiga a ƙasar nan, daga babbar kasuwar Maradi zuwa kasuwar Dole ta Damagaram, bai tarar da mai koli ya baza murjani a kan tabarma ba. Iyayenmu mata sun san na kirki sun san na jabu: na kirki yana da nauyi a hannu, yana da sanyi a wuya, ja ɗinsa ba ya koɗewa. Yawancin wanda ke yawo yanzu gilashi ne ko roba. Na asali, wanda kakanninmu suka gada, ayarin raƙuma ne ke kawo shi daga Tarabulus, ya ratsa Sahara, ya sauka a Agadas da Damagaram kafin ya wuce Katsina da Kano. Daga ƙasan Bahar Rum ake ciro shi, kuma ba dutse ba ne kamar yadda wasu ke zato. Gida ne na wasu ƙananan halittu masu rai, su ke gina shi reshe-reshe a jikin ganuwar da ke ƙarƙashin ruwa.

To, maganarmu ta yau a kan wannan ganuwa take da wanda ya gina ta. Maginin kuwa gansakuka ce.

Kowa ya san gansakuka, wannan kore mai santsi da ke kwanciya a bakin rijiya ko a kan tabki in ruwa ya daɗe. A teku tana da dangi iri-iri, cikinsu har da wata ja wadda Allah Ya ba wata baiwa ta daban. Tana tsotsar sinadarin farar ƙasa daga ruwan teku, tana ajiye shi cikin jikinta, har ta yi tauri. Idan ka ɗauke ta a hannu za ka rantse tsakuwa ce, alhali tsiro ne, yana buƙatar hasken rana kamar gero da dawa. Muddin tana da rai, launinta tsakanin ja da ruwan hoda ne. Ran da ta mutu sai ta yi fari fat kamar ƙashi.

A Bahar Rum, a zurfin mita 20 zuwa 120 inda haske ya ragu, wannan gansakuka tana manne wa juna, sabuwa bisa tsohuwa, shekara dubu bayan shekara dubu, har ta tayar da ganuwa mai ramuka da koguna. A nan murjani ke zaune. Ba shi kaɗai ba: wani masani ɗan ƙasar Sipaniya, Enric Ballesteros, ya tattara lissafi a 2006, ya samu halittu sama da iri 1,600 da ke rayuwa a wannan wuri. A tekun Atilantika kuwa, bakin Faransa da Ingila da Irland, akwai wata irin da ba ta manne da komai. Tana zube a ƙasa, guntu-guntu masu rassa kamar busasshiyar citta, igiyar ruwa tana juya ta a hankali. Mutanen Biretanyi, wato yankin yammacin Faransa da ya kutsa cikin teku (kada a haɗa shi da Birtaniya ta Ingila), su suka raɗa mata suna maërl, kuma da sunan nan duniya ta san ta.

Yanzu ku riƙe wannan lissafi, don shi ne gindin maganar. Reshen maërl yana ƙaruwa da kamar milimita 1 a shekara. Farcen ɗan Adam yana yin kamar milimita 3 a wata. Wato abin da farcenki zai yi cikin kwana 10, Hajiya, shi wannan tsiro sai ya shekara yana nema. Guntun da bai wuce gaɓar yatsa ba ya girmi yaron da ya kai aure. Akwai wuraren da matattun guntaye suka taru mita da yawa, masu rai suna shimfiɗe a sama kamar yaɗin man shanu bisa fura, kuma irin wannan tudu sai da ya ci dubban shekaru.

Kada wani ya ce mu da teku sai a talabijin. Farar ƙasar da ake haƙa a Malbaza ana yin siminti da ita tun shekarun 1960, ɓawon halittun teku ne suka taru suka zama dutse, lokacin da ruwa ya rufe yankin Adar, shekaru kusan miliyan 60 da suka wuce. Har gobe ana tsintar katantanwar teku da ta zama dutse a tsaunukan jihar Tawa. Abin da ya gama taruwa a wurinmu tun tuni, can yana kan taruwa.

Gari guda a cikin tsakuwa

Me ya sa masana suka damu da wannan tsakuwa? Ku dubi bambancin buhun gari da buhun citta. Gari in ka zuba shi babu kafa, ko tururuwa ba ta samun wurin shiga. Citta kuwa duk ramuka ne tsakanin rassanta. Haka yashin teku yake idan aka gwada shi da maërl. Tsakanin rassan nan ruwa yana ratsawa da iska mai kyau, kuma kowace kafa ɗaki ce: tsutsotsin ruwa, ƙananan ƙaguwa, jatan lande, katantanwa iri-iri, ƙwan kifi, da wasu tsire-tsire da ke kama jikinta. A mashigin ruwan birnin Brest an ƙidaya ɗaruruwan iri a kan tudun maërl, abin da yashin da ke kusa da shi bai ko kama ƙafarsa ba.

Muhimmin abu ga mai neman abinci shi ne, wurin ɗakin goyo ne. Ƴaƴan kifi suna fakewa a ciki har su yi ƙarfin da za su fita fili. Haka ma wata katantanwa mai faɗi kamar maficin hannu, wadda kowa ya san siffarta ko bai taɓa ganin teku ba, don ita ce a tambarin kamfanin mai na Shell. Faransawa suna kiranta coquille Saint-Jacques, namanta yana da tsada, kuma dubban masunta da ita suke ci da iyalinsu. Ƴaƴanta sun fi son sauka a kan maërl mai rai. Duk wanda ya taɓa kiwon kaji ya san abin da zai faru da garke ran da aka rushe akurki.

Yadda ta zama haja

Ƙasar noman Biretanyi tana da tsami. Idan ƙasa ta yi tsami, ko ka zuba taki amfanin gona ba ya cin moriyarsa yadda ya kamata. Iyayenmu mata ba su buƙatar a yi masu dogon bayani a nan: miyar yakuwa in ta yi tsami, ɗan ƙwaryar kanwa ake jefawa ta kwanta. Abin da manoman can suka gano ke nan tun ɗaruruwan shekaru. Suna kwaso maërl da ƙananan jirage masu filafilai, su watsa a gona, tsami ya kwanta. Da shi da ciyawar teku aka gyara gonakin bakin ruwa na arewacin yankin har suka yi suna wajen kayan lambu. Albasar garin Roskof tana da sunan da ta Galmi ke da shi a wajenmu.

Muddin da hannu da ƙaramin jirgi ake ɗiba, ɓarnar ba ta kai a yi kuka ba. Abin ya sauya ne bayan yaƙin duniya na biyu, da injuna suka shigo. A 1959 wani ɗan kasuwa mai suna Daniel Roullier ya kafa kamfani a garin San Malo don niƙa maërl ya sayar wa manoma. Sunan kamfanin Timac, kuma harafin M da ke cikin sunan daga maërl ya fito. Yau rukunin kamfanonin nan yana cikin manyan masu sayar da taki da abincin dabbobi a ƙasashe da dama. Na kawo wannan ne don ƴan kasuwa su gane ba ƙaramar haja ake magana ba. Kasuwarta ma ba ta tsaya a gona ba. Ana zuba garinta cikin abincin shanun madara da na kajin ƙwai, kamar yadda makiyayanmu ke ba dabba kanwa. Ana tace ruwan famfo da ita. Ana sa ta cikin kayan shafe-shafe da ƙwayoyin ƙarin ƙarfin ƙashi. Wanda ya iya karatun Faransanci, in ya ga kalmar lithothamne a jikin buhu ko kwalba, to ita ce.

A da, kafin a hana haƙar, shekara da shekaru abin da ake kwasa daga tekun Biretanyi ya riƙa kai wa tan dubu 500 a shekara. Ku auna shi da babbar mota mai ɗaukar tan 30: mota sama da 16,000 ke nan, kowace shekara, daga abin da ke girma milimita 1.

Kuma ɗibar ba ta tsaya kan abin da aka ɗauka ba. Jirgin yana saukar da wani ƙaton bututu ya zuƙo ƙasan teku gaba ɗaya, tsakuwa da ruwa da laka da duk mai rai da ke ciki. Tsakuwar ta zauna a cikin jirgi, ruwan laka a mai da shi teku. Lakar nan sai ta bazu, ta sauka bisa maërl ɗin da bututu bai taɓa ba, ta rufe masa haske. Tsiron da ba ya ganin rana kuwa kun san ƙarshensa. A tsibiran Gilenan, inda ɗaya daga cikin manyan tuddan Faransa yake, masanan da suka duba wurin da aka daɗe ana haƙa sun tarar mai rai ya yi wuyar gani. A harshen kasuwa wannan ba cin riba ba ne. Uwar kuɗi ake ci, ana rubuta ta a littafi da sunan riba.

Manjagarar masunta

Abin mamaki, waɗanda suka fi kowa cin moriyar wurin suna cikin masu ɓata shi. Katantanwar nan mai tsada tana kwanciya ne rabi a binne, don haka ba a kama ta da taru. Wata manjagara ta ƙarfe ake ja a bayan jirgi, mai haƙora kamar tsawon yatsa, da jakar sarƙa a bayanta. Tana tafe tana tone ƙasa, tana farfasa rassan maërl, tana binne masu rai cikin laka.

Wasu masana biyu, Jason Hall-Spencer da Geoff Moore, sun gwada abin a mashigin ruwan Kilaid na ƙasar Sikotilan, suka fitar da sakamako a 2000. Sun sami tudun da ba a taɓa ja a kansa ba, aka ja manjagara, sannan suka riƙa nutsewa suna dubawa. Sama da kashi 70 cikin 100 na maërl mai rai ya mutu a inda ta bi. Bayan shekara 4 babu alamar farfaɗowa.

A nan ya kamata mu tsaya, don mu mutanen Maradi da Damagaram muna da wani abin gwadawa. Mun ga gonakin da aka share ƙaf a shekarun fari, mun kuma ga yadda manoma suka koma barin tohon kututture, suna sassabe da lura, har gawo da kalgo da sabara suka dawo a miliyoyin eka cikin shekara 20. Wannan ya sa muka saba da tunanin cewa in ka bar ƙasa ta huta za ta warke a idonka. Maërl ba ya cikin wannan lissafi. Wanda ya ɓata shi ba zai ga gyaransa ba, ɗansa ma da wuya.

Sauran masifun a taƙaice suke, ko da yake ba ƙanana ba ne. Biretanyi ita ke kiwon fiye da rabin aladun Faransa, kuma ruwan kashinsu da takin zamani suna gangarawa teku, su haifar da koren gansakuka mai yawa da ke dusashe ruwa. A Sikotilan, kejin kiwon kifi da aka kafa bisa tudun maërl suna zubo masa kashi da ragowar abinci. Ga kuma wata baƙuwar katantanwa da ta zo daga Amurka, tana hawa kan juna tana rufe ƙasa, kamar yadda ciyawar nan mai shuɗin fure ta taɓa shaƙe kogin Isa a Yamai.

Akwai kuma wadda ba a gani da ido. Hayaƙin mai da gawayi da duniya ke ƙonawa, kusan kashi ɗaya cikin huɗu teku ke shanye shi, kuma yana ƙara wa ruwan tsami. Ku jefa ɓawon ƙwai cikin ruwan lemon tsami ku ga yadda yake kumfa yana narkewa. Jikin wannan gansakuka ya fi na yawancin halittun teku saurin narkewa. A tsibirin Iskiya, kusa da birnin Napoli na Italiya, akwai wurin da irin wannan iska ke ɓuɓɓugowa daga ƙasan teku saboda dutse mai aman wuta. Binciken da aka buga a 2008 ya nuna cewa gwargwadon kusantarka da maɓuɓɓugar, gwargwadon raguwar gansakukar dutse, har ka kai inda babu ita sam. Abin da ya yi shekaru yana kashe tsamin gonar mutane, yau tsami ke neman kashe shi a gidansa.

Doka ta zo, haja ta sauya hanya

Ba a ce ba a yi komai ba. A 1992 Tarayyar Turai ta sa manyan irin maërl guda 2 cikin jerin halittun da ba a ɗiba sai da tsari. A 2005 aka daina haƙa a bakin kogin Fal, kudu maso yammacin Ingila. A 2006 Tarayyar ta hana jan taru mai sharar ƙasa da manjagara bisa tuddan maërl da ganuwar murjani a Bahar Rum. Shi kansa murjani, hukumar kamun kifi ta Bahar Rum ta hana ciro shi a ruwan da bai kai zurfin mita 50 ba tun 2011, don na sama-sama an riga an kwashe manyansa. Faransa ta rufe haƙar Gilenan a 2011, ta rufe sauran a 2013.

Sai dai duk ɗan kasuwa ya san abin da ke faruwa in an rufe hanya alhali masu saye suna nan. Kaya ba ya daina zuwa, hanya yake sauyawa. A Faransa kanta an koma neman yashin ɓawon katantanwa a madadinsa. A 2015 gwamnati ta ba da izinin haƙarsa a mashigin Laniyon, masunta da mutanen gari suka fito zanga-zanga, aka dakatar da aikin, daga bisani kamfanin ya haƙura. Shi kuwa maërl ana ci gaba da haƙarsa a wasu wurare. A ƙasar Aisilan an buɗe masana'antarsa a wani ƙaramin gari na arewa maso yamma a 2007. A Birazil ma ana ɗiba ana sayar wa manoma da makiyaya, kuma can ne babbar taskar duniya take: a 2012 masana suka auna shimfiɗar Abrolhos, gabas da ƙasar, suka samu murabba'in kilomita kusan 20,900, wato kamar rabin jihar Maradi, duk a rufe da dunƙulen wannan gansakuka. A ɓangarenmu na Afirka akwai ta a tsibiran Kap Ber da Sawo Tome.

Kamfanonin da ke haƙa suna da hujjarsu. Suna cewa matacce suke ɗauka, farin da ya riga ya mutu, ba su taɓa mai rai. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma manomin da gonarsa ke da tsami ba laifi ya yi ba da ya nemi magani. Amma ni dai hujjar ba ta cika mini ciki ba. Mataccen shi ne harsashin da mai ran ke zaune a kai, kuma ramukansa cike suke da masu rai ko da shi ya mutu. Wanda ya ce maka tubalin ƙasa kawai zai zare, ba zai taɓa rufin ɗaki ba, ka san inda maganar za ta ƙare. Sannan farar ƙasar gona ana samunta a tudu, a dutse irin na Malbaza. Ba dole sai daga ɗakin goyon kifi ba.

Wata matsalar ita ce ta gani. Daji in an sare shi, mai wucewa a mota ma zai gani ya yi magana. Wannan yana ƙarƙashin ruwa, kuma dokar da ta ce kada a ja taru bisa tudu ba ta aiki sai an san inda tudun yake. Har yanzu akwai wurare da yawa a Bahar Rum da ba a zana taswirarsu ba.

Inda abin ya ɗan yi kyau, mutanen wurin ne suka tsaya. A tsibirin Aran, cikin mashigin Kilaid ɗin nan da aka yi gwajin manjagara, wasu masu nutso biyu sun ga da idonsu yadda ƙasan ruwansu ke komawa fako. A 1995 suka kafa ƙungiyar mutanen gari. Shekara 13 suna kai da kawowa tsakanin masunta da hukuma, sai a 2008 gwamnatin Sikotilan ta keɓe wani yanki na mashigin Lamlash, bai kai murabba'in kilomita 3 ba, ta ce ba a ɗaukar komai a cikinsa, ko kifi ko katantanwa ko tsakuwa. Ɗaya daga cikin mutanen biyu, Howard Wood, ya samu kyautar Goldman ta kare muhalli a 2015. Masanan jami'a da ke bin wurin sun tarar katantanwar nan mai tsada ta ƙaru, ta kuma ƙara girma, manyan jatan lande sun yawaita, ciyayin ruwa sun sake rufe ƙasa. Waɗannan duk masu saurin girma ne, shekara kaɗan ta ishe su. Shi kuwa maërl da ke ƙarƙashinsu, in an bi lissafin milimita 1, daga 2008 zuwa yau bai ƙara ko faɗin babban yatsa ba.